Koliyas: Renon Shukar Ado Mai Ganye Kala-kala a Fangali da Cikin Tukunya

Koliyas shuka ce ta ado da ake reno saboda ganyenta, ba saboda fure ba. Ganye ɗaya kan haɗa launi biyu ko uku: ja a tsakiya da kore a gefe, wani da ɗigo-ɗigon rawaya, wani kuma ja ne mai duhu kamar jiƙon zoɓo. In ka taɓa tsayawa wurin masu sayar da furanni a bakin titi a Abuja, Kaduna, Jos ko Kano, ka gan ta ko da ba ka tambayi sunanta ba. Ita ce wadda ake jerawa a inuwa cikin baƙar leda, bakin ganyenta tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Masu sana'ar suna kiranta da sunanta na boko, Coleus, mu kuma a nan za mu riƙa rubuta shi koliyas.

A littattafai ana lissafa ta cikin tsirrai masu daɗewa, wato waɗanda ba sa mutuwa da ƙarewar damina ɗaya. Haka ne, amma akwai sharaɗi. Tushe ɗaya yana yin kyau ne kamar na shekara guda, daga nan karan ya yi itace, ganyen ƙasa ya zube, shukar ta koma sanda mai tukku a ka. Wanda ka ga koliyas ɗinsa tana sheƙi shekara da shekaru, ba tsohon tushen nan ne yake tsaye ba, yankan reshe yake yi yana sabunta ta. In ka riƙe wannan, ka kuma gane yadda haske yake juya launin ganye, ka san rabin aikin.

Asalinta da danginta

Asalin koliyas kudu maso gabashin Asiya ne, har zuwa arewacin Ostareliya, wuraren da ke da ɗumi da laima kusan duk shekara. Daga tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya aka kai ta Turai a 1851, masu lambu a can suka yi ta haɗa iri har aka samu ɗaruruwan nau'o'in da ake sayarwa yau. Sunanta na kimiyya ya sha canji. Masanin tsirrai Linnaeus ya fara rubuta ta a 1763 cikin jinsin ɗaiɗoya. Daga baya aka kira ta Coleus blumei, aka kira ta Solenostemon, aka kira ta Plectranthus, sai a 2019 masana suka sake tantance dangin suka tsayar mata da suna Coleus scutellarioides. Ko wanne ka gani a jikin takardar iri, shuka ɗaya ake nufi.

Ba baƙuwa ba ce sosai a wurin manomin ƙasar Hausa. Tumuku da rizga jinsinsu ɗaya da ita: tumuku shi ne Coleus rotundifolius, wanda ake nomawa a arewacin Najeriya da arewacin Gana, rizga kuma Coleus esculentus, wadda aka fi sani a Filato da kudancin Kaduna. Dukkansu gidansu ɗaya da na'ana'a da ɗaiɗoya. Murza karan koliyas a tsakanin yatsunka za ka ji kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma bibbiyu suke fitowa suna kallon juna a kowace gaɓa. Wanda ya taɓa noman tumuku ya riga ya san halin gidan: suna son ƙasa mai laushi, ba sa son ruwa ya kwanta musu, kuma kara yana fitar da saiwa cikin sauƙi a inda ya taɓa danshi. Bambancin dai shi ne koliyas ba ta yin 'ya'ya a ƙasa. Ba ganyen miya ba ce, ba kuma abincin dabba ba, ado ne kawai.

Launi daga haske yake

A cikin ganyen akwai sinadarai iri biyu da ke takara. Akwai kore, wanda shuka ke dafa abincinta da shi, ana ce masa kulorofil. Akwai kuma ja da shuɗi-shuɗi, antosayanin, irin wanda ya ba zoɓo launinsa. In haske ya yi kaɗan, shukar takan ƙara kore domin ta kama ɗan hasken da ke akwai, sai jan ya dusashe, gaɓoɓin su yi nisa da juna, karan ya yi tsawo ya langwaɓe yana neman taga. In rana ta yi yawa kuma, launin ya koɗe kamar tsohon zane da aka manta a igiya, gefen ganye ya ƙone ya murɗe. Abin da kake nema yana tsakiya: ranar safe daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, sannan inuwa mai haske har yamma.

A aikace wannan yana nufin gefen gabas na bango ko ɗaki. Gefen yamma shi ne mafi muni, domin bangon siminti yana shan zafi tun azahar yana mayar wa shukar har bayan magariba. Ƙarƙashin dogon yaro wuri ne mai kyau saboda hasken yana ratsowa ta tsakanin ganye. Inuwar mangwaro takan yi duhu da yawa, sai dai a can bakin inuwar. Amma a ƙarƙashin kowace bishiya gara ka ajiye tukwane a kan ka shuka a ƙasa, saboda saiwar bishiya za ta shanye ruwan da takin da ka zuba. In babu bishiya, rumfar zana mai ɗan sako-sako ta isa, ko ragar inuwa mai tare rabin rana.

Ba duk nau'o'in ne ƙarfinsu ɗaya ba. Masu ganye ja mai duhu da masu kauri sun fi jure rana. Masu fari-fari ko rawaya a tsakiya su suka fi saurin ƙuna, saboda wurin da ba shi da kore ba shi da kariya. Za ka ga an rubuta a jikin wasu nau'o'in ƙasar waje cewa suna jure cikakkiyar rana. An fitar da irinsu da gaske, jami'ar Fulorida a Amurka tana cikin masu wannan aiki. Amma ka karanta wannan magana da hankali: cikakkiyar ranar Jos a watan Yuli daban, ta Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu daban, inda zafi kan haura digiri 40 ga iska busasshiya. Ni dai shawarata, daga Zariya zuwa arewa kada ka bar kowace koliyas a ranar tsaka a lokacin bazara, ko me aka rubuta a takarda.

Wani abu kuma, shukar da ta saba da inuwar mai sayarwa kada ka fitar da ita rana kai tsaye. Ka riƙa ƙara mata awa ɗaya kullum har mako guda. Kuma in launinta ya ɗan sauya bayan ka kai ta gida, ba lallai an yi maka algus ba, hasken gidanka ne ya bambanta da na inda ta fito.

Gyaran fangali

Ƙasar jigawa mai ɗan laka wadda aka wadata da ruɓaɓɓen taki ita ce ta fi dacewa. Ka kafce zurfin wajen santimita 25 zuwa 30, ka cakuɗa bokiti ɗaya na takin gargajiya a kowane taku ɗaya tsawo da faɗi. Takin ya zama wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma yana jawo gara. Ƙasar da ba ta da tsami sosai ba ta da kanwa ita take so, ma'aunin pH 6 zuwa 7, don haka kada ka zuba toka da yawa da sunan gyara.

Siffar fangalin ta danganta da lokaci. Da damina ka ɗaga shi ya yi tudu kamar santimita 15 zuwa 20 domin ruwa ya gangare, musamman a watan Agusta. Kwana biyu na ruwa kwance ya isa ya ruɓar da saiwar koliyas. Da rani kuwa fangali mai zurfi irin na albasa ya fi riƙe danshi. In wuri ɗaya za ta zauna duk shekara, ka zaɓi mai tudu, sannan ka yi masa ɗan gefe da zai tare ruwan ban-ruwa.

Tazara santimita 30 tsakanin tushe da tushe ta isa ga ƙananan nau'o'i, manya masu faɗin ganye kuma 45. Yawancinsu suna kai tsayin santimita 60 zuwa 75, wasu har mita guda. Da farko fangalin zai yi maka kamar fili ya yi yawa, amma bayan wata biyu ganye zai haɗe. Ka yi dashe da yamma ko ranar da hadari ya rufe, ka ba ruwa nan take, ka rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ba tare da ya taɓa karan ba. A wajen tsari kuma, tushe uku ko biyar masu launi ɗaya a wuri ɗaya sun fi ɗaukar ido a kan a barbaza kowane launi ɗaiɗai. Dogaye a baya, gajeru a gaba.

Shinge wajibi ne. Akuya ba ta tambayar ko ado ne, kaji kuma za su tone ciyawar da ka rufe ƙasa da ita.

A cikin tukunya

A ganina koliyas ta fi dacewa da tukunya a yawancin gidajenmu, dalili kuwa ɗaya ne: za ka iya ɗauke ta. Da bazara ka matsar da ita inuwa, da hunturu ka kai ta bayan bango inda iska ba ta bugu, in an yi kwana uku ana ruwa ka shigar da ita baranda. Fangali ba ya ba ka wannan dama.

Tushe ɗaya yana buƙatar mazubi mai faɗin baki santimita 20 zuwa 25, wato kamar bokitin lita 5 zuwa 10. Tsohon bokitin fenti, rabin jarka, tukunyar ƙasa da ta tsage, duk suna aiki, muddin ka huda ƙasansu huda huɗu ko biyar masu faɗin ɗan yatsa. Mazubin da ba shi da huda kabari ne. Tukunyar ƙasa ta fi sanyaya saiwa saboda tana tsattsafo, sai dai tana saurin bushewa, za ka fi yawan ba ruwa. Baƙar roba tana riƙe ruwa amma tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwar da ke jikinta, in ita ce da kai ka shafe ta da farin fenti ko ka naɗe ta da tsohon buhu. Kada ka ɗora kowace iri kai tsaye a kan siminti mai zafi, ka sa mata bulo biyu a ƙasa.

Ƙasar gona zalla ba ta yi a tukunya, takan dunƙule ta yi tauri bayan 'yan makonni. Haɗin da ke aiki shi ne kashi biyu ƙasar sama mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba. Ɓuntun ya fi yashi rashin nauyi, abin da za ka gode masa ranar da za ka loda tukwane hamsin a mota. Ka bar kamar yatsa biyu tsakanin ƙasar da bakin tukunya domin ruwa ya samu wurin tsayawa. In ka sa faranti a ƙasa don tare ruwa, ka riƙa zubarwa. Ruwan da ya kwana a ciki yana ruɓar da saiwa, yana kuma ƙyanƙyashe sauro.

Yankan reshe

A nan ribar wannan shuka take. Kaɗan ne cikin tsirran ado suke kama saiwa da sauri kamar koliyas, kuma reshen da ka yanka zai fito da launin uwarsa sak.

Da safe, lokacin da shukar ta sha ruwa ta miƙe, ka zaɓi kan reshe mai lafiya wanda bai fara fure ba. Ka yanke tsawon santimita 10 zuwa 15 da sabuwar reza ko wuƙa mai tsabta, dab da ƙasan gaɓa, domin daga gaɓa saiwa ta fi fitowa. Ka cire ganyen ƙasa ka bar biyu ko huɗu a sama. In ganyen manya ne ka rage rabin kowanne, don kada reshen ya zubar da ruwansa kafin ya samu saiwar da zai sha da ita.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ka tsoma shi a kofi ko kwalbar ruwa, gaɓa ɗaya ko biyu a cikin ruwan, ganye a waje, kana canja ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Ko kuma ka soka shi a leda mai cike da haɗin yashi da ɓuntu mai danshi. Dukkansu a inuwa mai haske. A lokacin ɗumi saiwa tana bayyana cikin kwana 7 zuwa 14, ba ka buƙatar wani maganin fitar da saiwa. Na cikin ruwa yana da daɗi domin kana ganin abin da ke faruwa, amma kada ka bar shi ya daɗe. Da saiwar ta kai santimita 2 ko 3 ka mayar da shi ƙasa, saboda saiwar da ta yi tsawo a ruwa takan sha wuya kafin ta saba. Mai yi don sayarwa ya fi masa ya soka kai tsaye a leda, ya huta da dashe sau biyu.

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, Yuni da Yuli, sa'ad da iska ke da laima. Ka sake yin zagaye na biyu a Satumba ko farkon Oktoba, domin ka shiga rani da matasan tsirrai masu ƙarfi maimakon tsofaffin da damina ta gajiyar. Da hunturu ma ana yi, sai dai yana jinkiri, kuma sai ka kifa farar leda ko gindin gorar roba a kan reshen don ya riƙe laima, kana buɗewa kaɗan kullum ya sha iska. Tsohon tushe kada ka yar da shi sai ka tabbata 'ya'yansa sun kama.

Ana shuka ta da iri ma. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, giram ɗaya ya haura ƙwaya dubu uku. Ana barbaɗa ta a saman ƙasa mai laushi ba a rufewa, domin tana buƙatar haske kafin ta tsiro, a riƙa yayyafa ruwa a hankali. Tana fitowa cikin kwana 10 zuwa 14, ganyen farko kore ne, launi sai daga baya. Amfanin iri shi ne samun sababbin launuka da arha. Amma irin da ka tara daga furen gidanka ba zai maimaita uwar ba, kowanne da kamarsa zai fito, da yawa kuma ba su kai ta kyau ba.

Tsinke kai da cire fure

Da sabon dashe ya kai kamar santimita 15, ka sa farce ka tsinke kansa a saman gaɓa. Mutane da yawa suna jin tausayin yin haka, ga shuka ta fara kyau a ce a cire mata kai. To ai daga hammatar ganye biyun da ke ƙasa rassa biyu za su fito. Su ma in sun yi gaɓa uku ka tsinke su, biyu su zama huɗu. Sau biyu ko uku za ka yi haka, shukar ta cika tukunya ta yi dunƙule. Wadda ba a tsinke ba kara ɗaya take yi ta tafi sama, iskar farkon damina ta karya ta. Abin da ka tsinko kuma in ya kai tsawo, ai sabon dashe ne.

Furen koliyas zangarniya ce siririya mai ƙananan furanni shuɗi-shuɗi. Ba wani kyau gare shi ba, kuma da ya fito shukar takan karkata ƙarfinta wajen yin iri, ganyen ya ƙanƙance. Da ka hango kan reshe ya fara tsini maimakon buɗe sabon ganye, ka cire shi.

Ruwa da taki

Ka soka yatsa zuwa gaɓa ta farko. In ƙasa ta bushe, ka ba ruwa har ya fito ta ƙasan tukunya, in da danshi ka bari. Da bazara wannan kan zama kullum, ƙananan tukwane ma safe da yamma. Da damina kuwa sai ka yi mako ba ka ɗauki bokiti ba. A gindi ake zuba ruwa, da safe, ba a kan ganye ba.

Koliyas tana saurin yaushi, tana kuma saurin farfaɗowa, wannan kan ruɗi mutane. In ta langwaɓe da tsakar rana ta miƙe da la'asar, zafi ne kawai, inuwa take nema. In ta langwaɓe ƙasa a bushe, ƙishirwa ce, awa ɗaya bayan ruwa za ta tashi. Amma in ta langwaɓe alhali ƙasa jiƙe take sharkaf, to saiwa ce ta ruɓe, ƙarin ruwa ƙarasa ta zai yi. A nan ka yanki kawunan da ke da lafiya ka dasa a sabuwar ƙasa, ka zubar da sauran.

Hunturu yana zuwa mata da abu uku: bushewar iska, ƙura da sanyin dare. Ƙasa da digiri 10 ganyen yana lalacewa, kuma a Jos da tsaunin Mambila dare kan kai haka a Disamba da Janairu. Ka tara tukwanen wuri ɗaya kusa da juna a bayan bango ko zana, ka rage ruwa tunda girma ya ragu, sannan sau ɗaya a mako ka wanke ƙurar ganye da safe don ya bushe kafin dare. Ruwan wanke shinkafa ko kayan lambu yana da kyau. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya kusance ta. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana da gishiri-gishiri, za ka ga farin gari a bakin tukunya da ƙunar gefen ganye, sai ka riƙa kwarara ruwa da yawa lokaci-lokaci ya wanke gishirin ta ƙasa.

Taki kaɗan take so. A fangalin da ya sha takin gargajiya, ƙarin hannu ɗaya ga kowane tushe duk wata biyu ya wadatar. A tukunya, rabin murfin kwalbar lemo na NPK 15-15-15 duk bayan mako huɗu zuwa shida, a binne a gefen tukunya nesa da kara, a bi da ruwa. Yuriya kam ka bar wa masara. Tana sa ganye ya yi girma ya yi laushi ya koma kore, ka ga ka biya kuɗi ka goge launin da kake reno dominsa.

Ƙwari da cututtuka

Babban abokin gabarta shi ne ƙwaron nan mai farin gari kamar auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye da ƙarƙashinsa yana tsotse ruwa. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a kara, ka duba, yana nan. Akwai darɓa da farin ƙuda, sai kuma ƙananan jajayen gizo-gizo da ke yawaita lokacin zafi da bushewa, su sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya dusashe. Duka ana rage su da ruwan dogon yaro: a daka ƙwayar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako. Ka fara gwadawa a tushe ɗaya ka jira kwana biyu, domin ganyen koliyas yana da laushi. Reshen da ƙwarin suka cika ka yanke ka ƙona.

A ƙasa kuma akwai tsutsar da ido ba ya gani wadda ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, irin wadda ke damun tumatir da kuɓewa. Koliyas ba ta da juriya a kanta ko kaɗan. Kada ka ɗebi ƙasar tukunya daga inda aka yi tumatir, kuɓewa ko yalo. In kana shakkar ƙasarka, ka jiƙa ta ka rufe da farar leda a rana tsawon mako huɗu zuwa shida a watan Maris da Afrilu, ko ka turara ta a rabin ganga a kan wuta ta huce kafin amfani.

Da tsakiyar damina, in an cunkushe tsirrai iska ba ta ratsawa, wata cutar funfuna kan sa ganye ya yi tabo-tabo ruwan ƙasa, ya murɗe ya zube, ƙarƙashinsa da toka-toka. Ka tuge wanda ya kamu, ka buɗe tazara, kada kuma ka ɗauki reshe daga jikinsa. Dodon koɗi da fara su ke huda ganye, su kam tsince su ake yi.

Ga ƙungiyar da ke son sayarwa

Jarin farko ba shi da yawa: iyaye masu launi daban-daban, leda, rumfa, da ruwan da ba ya yankewa. Na ƙarshen nan shi ne ainihin sharaɗi, in ba ku da tabbacin ruwa daga Maris zuwa Mayu kada ku fara da yawa. Ku ware iyayen daban, ba a sayar da su, ba a barin su su yi fure, kuma a sabunta su duk shekara. Uwa ɗaya da ta cika tana iya ba da rassa biyar a yanka ɗaya ta sake tohowa cikin wata. In kuna da ashirin, rassa ɗari ke nan a zagaye guda, ku cire waɗanda ba za su kama ba. Daga yanka zuwa shukar da ta isa sayarwa, wadda aka tsinke wa kai sau ɗaya, ku lissafa mako shida zuwa takwas.

Launi biyar ko shida masu ƙarfi da suka nuna suna jure yanayinku sun fi talatin da rabinsu ke ƙonewa. Ku ba kowanne suna ko lamba ku rubuta a jikin leda, domin mai gyaran harabar otal ko makaranta in ya dawo yana son guda arba'in iri ɗaya, kada ku tsaya kuna kame-kame. Aikin yanka, cika leda da tsinke kai ba ya buƙatar ƙarfi ko babban fili, ana yin sa a tsakar gida, shi ya sa ya dace da ƙungiyoyin mata da matasa.

Amma kasuwar a birni take: otal-otal, makarantu, asibitoci, ma'aikatu, sababbin rukunin gidaje, masu ƙawata wurin biki, da su kansu masu sayarwa a bakin titi waɗanda ke saye da yawa. Ƙungiyar da ke nesa da gari ta fara samun mai saye kafin ta cika leda dubu, saboda koliyas ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira farashi. Wadda ta wuce wata uku a ƙaramar leda saiwarta takan naɗe, ta fara fure, darajarta ta faɗi. An fi nemanta a farkon damina lokacin da ake gyaran harabobi, don haka yankan da za a sayar a Yuni a watan Afrilu ake yin sa, a tsakiyar zafi, ƙarƙashin rumfa mai kyau. Ranar kai kaya ku ba su ruwa tun dare, ku jera su a tsaye a matse cikin kwando ko kwali, ku rufe da buhu mai danshi, ku kama hanya da asuba. Karan yana da gautsi, iskar bayan a-kori-kura kuma tana yayyaga ganyen kafin a isa gari.